Ƙulli ɗan ƙarami a ganɗa, me ya sa likita zai cire har da ƙashi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Daga Maraɗi nake rubuto maka. Mahaifiyata, mai shekara 54, tana da wani ƙulli a ganɗarta ta hagu, can baya kusa da turamen haƙori. Ya kai shekara 2 yana nan, ba ya mata ciwo, girmansa bai wuce ƙwallon dabino ba. Da farko an ce haƙori ne, aka cire haƙorin, ƙullin bai tafi ba. Yanzu an yanki kaɗan an kai awo, sakamako ya nuna ciwon daji ne na ƙananan maɓuɓɓugan miyau, irin wanda suke kira silindirom. Likita ya ce zai cire ƙullin da naman da ke kewaye da shi da wani sashe na ƙashi da haƙora, daga baya a kai ta Yamai gashi, wato maganin daji da hasken na'ura. Dangi sun ƙi, suna cewa daji ba ya son ƙarfe, kuma abu ɗan wannan bai kai a fasa wa mutum baki ba. Ba za a iya ɓare ƙullin kaɗai ba? In an yi aikin, za ta iya ci da magana?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Inna lafiya. Wannan ƙulli ba a ɓare shi shi kaɗai. Abin da likitanku ya tsara shi ne abin da ake yi wa irin wannan ciwo a ko'ina. Kuma za ta ci, za ta yi magana, matuƙar an tanadi abin da zai rufe gurbin tun kafin ranar aiki. Wanda ya duba bakinta ya ga hotunanta shi ke da maganar ƙarshe kan inda yanka zai tsaya, amma zan yi maka bayanin dalilan yadda za ka iya zama da manya ku tattauna da hujja a hannunka.

Miyau daga wurare iri biyu yake fitowa. Akwai manyan maɓuɓɓuga guda 6, uku a kowane ɓangare: ta gaban kunne, wadda ke kumbura in yaro ya yi hangum, da ta ƙarƙashin muƙamuƙi, da ta ƙarƙashin harshe. Sannan akwai ƙanana, tsakanin 600 zuwa 1,000, kowace ba ta wuce milimita 1 ko 2 ba, a warwatse ƙarƙashin fatar baki: a ganɗa, cikin leɓɓa, cikin kunci, gindin harshe, har cikin hanci da maƙogwaro. In ka goga harshenka a cikin leɓenka na ƙasa za ka ji ƴan gudaji-gudaji, su ne. Duk yawansu, abin da suke bayarwa bai kai kashi 10 cikin 100 na miyan da mutum ke yi a yini ba, don haka cire wasu daga cikinsu ba ya busar da baki.

Akwai wata ƙa'ida da duk mai wannan sana'a ya sani: gwargwadon ƙanƙantar maɓuɓɓugar, gwargwadon yiwuwar ƙullin da ya fito a cikinta ya zama daji. A ta gaban kunne, wajen ɗaya cikin 4 ko 5 ne ke zama daji. A ƙananan nan kuwa, kusan rabi. Kuma wurin da suka fi fitowa shi ne daidai inda na Inna yake, a gefen ganɗa ta baya, inda sashe mai ƙashi ya haɗu da mai laushi, domin nan ne maɓuɓɓugan suka fi cunkoso. Da yake wurin yana kusa da saiwar turame, ga shi ba ciwo, fatar da ke kansa kuma sumul, sau da yawa akan ɗauka ƙurjin haƙori ne. Bambancin a fili yake ga wanda ya lura: ƙurjin haƙori yana zogi, yana tasowa cikin kwanaki, yana sacewa in an cire haƙorin ko an sha magani. Duk kumburin ganɗa da ya wuce mako 3 bai sace ba, awo yake buƙata.

Dajin waɗannan maɓuɓɓuga ba iri ɗaya ba ne, kuma sunan da ke kan takardar awo shi ke tsara girman aikin. Akwai wanda ake kira mukoyefidarmoyid. Shi yana da matakai, mai sanyi da matsakaici da mai zafi; mai sanyin in aka cire shi da kyau, sama da mutum 90 cikin 100 suna nan lafiya bayan shekara 5. Akwai folimorf, wanda kusan ba ya fitowa sai a ƙananan maɓuɓɓuga, galibi a ganɗa, kuma ba kasafai yake tafiya nesa ba. Sai na Inna, wanda cikakken sunansa karsinom adenoyid kistik. Sunan silindirom wani shahararren likitan fiɗa na Turai, Theodor Billroth, ya sa masa a ƙarni na 19, likitocin da suka yi karatu da Faransanci kuma har yau da shi suka fi kiransa.

Wannan na ukun shi ya fi kowanne yaudara. A hankali yake girma, har iyali su saba da shi, su ce ai tun bara yana nan bai yi komai ba. Alhali halinsa shi ne bin jijiyoyin ji. Kamar yaɗon kabewa yake: gindin yana nan inda aka shuka, amma hannuwanta sun bi danga sun kai bayan ɗaki. A gefen ganɗa ta baya akwai wani ɗan rami a cikin ƙashi, kusa da turmin ƙarshe, inda jijiyar da ke ba ganɗa ji take fitowa. Jijiyar nan daga sama ta sauko, ta bayan ƙashin kunci, asalinta kuma daga gindin ƙoƙon kai. Ƙullin da ya zauna a bakin ramin nan ya sami hanya. Ƙwayoyin ciwon suna iya hawa jikin jijiyar su yi nisa sosai daga inda ido ke ganin iyakar ƙullin, wani lokaci ma su tsallake wani wuri su sake ɓulla gaba. Ka tambayi Inna ko tana jin ganɗarta ko leɓenta na sama ko kuncinta ya mutu, ko wani tsiko-tsiko, ko zogi mai harbawa zuwa ido ko kunne. In akwai, ku gaya wa likita, domin yana canza lissafi. In babu, alhamdu lillahi, amma rashinsa bai wanke jijiyar ba.

Ga dalilin da ya sa ba a ɓarewa. Ƙullin kitse ko jakar ruwa suna da riga tasu, sai a bi gefen rigar a fitar da su ɗungurungum. Silindirom ba shi da cikakkiyar riga. Abin da yatsa ke ji a matsayin iyakarsa, tsakiyarsa ce mai tauri kawai. Gefensa ya riga ya kutsa cikin naman da ke kama da lafiyayye. Saboda haka likita yakan auna aƙalla santimita 1 daga bakin ƙullin ta kowace fuska, ya yanka ta cikin nama mai lafiya, yadda wuƙa ba za ta taɓa ciwon ba sam. Matsalar ganɗa ita ce ta sama ba ta da kaurin da za a sami wannan tazara. Tsakanin fatar ganɗa da ƙashi ƴan milimita ne. In ana son tazara ta sama, dole a shiga ƙashi. Haƙoran da za a cire ba don sun lalace ba ne, don suna tsaye a kan ƙashin da zai tafi ne.

Abin da nake so ka riƙe fiye da komai: aikin farko shi ne babbar damarta. A aikin farko nama yana nan yadda Allah ya halicce shi, likita yana ganin iyakoki, yana gane jijiya. In aka yi ɗan ƙaramin aiki don a faranta wa dangi, fata za ta warke a rufe ragowar ciwon a ƙasa, a ga kamar an rabu da shi. Bayan shekara 2 ko 3 ya dawo cikin tabo, ba iyaka, wataƙila ya shiga kogon ƙashin kunci ko ya doshi ƙasan ido. Aiki na biyu kullum ya fi na farko girma, kuma ya fi shi ƙarancin nasara. Na sha karɓar irin waɗannan marasa lafiya, kuma kusan dukkansu da aikin da ake gudu aka yi musu tun farko, da asarar ba ta kai haka ba.

Maganar daji ba ya son ƙarfe kuwa, kada ka yi wa dangi dariya, domin abin da suka gani da idonsu suke faɗi, fassarar ce ta karkace. Sun ga an kai mutum asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfinsa, aka yi aiki, bai daɗe ba ya rasu, sai aka ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Sun kuma ga wanda wanzami ya yi wa sakiya ko ya tsaga masa kumburi, wurin ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, ya tsiro waje. Wannan na biyun gaskiya ne, kuma hujja ce a kan abin da nake faɗa: ƙarfen da ya ratsa tsakiyar ciwo ya bar shi a wurin, shi ne mai ɓarna. Wanda ya zagaye ciwon ya fitar da shi gaba ɗaya, shi ne magani. Ina roƙonka, kada kowa ya kai Inna wurin wanzami, kada a ɗora mata wani abu mai ci a wurin. Ɗan yankan da aka yi don awo bai cutar da ita ba, saboda wurin da aka yanka ɗin yana cikin abin da za a cire.

Kafin ranar aiki akwai abubuwan da ya kamata su kammala. Hoton sikana yana nuna ko ƙashi ya ciwu, da halin kogon kunci da ƙasan hanci. Hoton IRM, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ya fi shi nuna jijiya da nama mai laushi, kuma a silindirom ɗin ganɗa yana da daraja sosai. In likita ya nema, ko da sai an je wani gari, kada ku ga kamar ɓarnar kuɗi ce. Sai hoton ƙirji, domin huhu ne wurin da wannan ciwo ya fi zuwa in ya yi nisa. Za a auna jininta, da sukari, da hawan jini. Ku shirya mutum biyu ko uku daga dangi da za su ba da jini, domin muƙamuƙin sama wuri ne mai zubar da jini. Abu na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi: ta ga likitan haƙori kafin aiki, ya wanke haƙoran, ya cire waɗanda suka ruɓe, ya kuma ɗauki zubin bakinta. Da wannan zubi za a ƙera murfin da zan yi bayani a gaba. In aka bari sai bayan aiki, baki ya kumbura, ba ya buɗuwa, ɗaukar zubin ya zama wahala.

Aikin kansa da maganin barci ake yi, ba za ta san abin da ake ciki ba. In ciwon bai yi nisa ba, ta cikin baki ake shiga, ba tabo a fuska. In ana buƙatar fili, akan tsaga tsakiyar leɓen sama a bi gefen hanci, a ɗaga kunci. Wannan tabo yana kwanciya cikin lanƙwasar fuska, bayan watanni sai an ƙura ido ake ganinsa. Za a fitar da ƙullin da fatar da ke kansa da ƙashin da ke ƙarƙashinsa da haƙoran wurin a dunƙule guda. Sannan likita ya bi jijiyar nan sama iya inda zai iya kaiwa lafiya. A asibitin da ke da mai awon nama a kusa, akan aika guntun jijiyar a duba nan take ana tsakiyar aiki, in da ciwo a ƙara gaba. Amma bin jijiya yana da iyaka. Likita mai hankali ba zai cire wa mutum ido mai gani ko ya kutsa gindin ƙoƙon kai ba don farautar ƙwayoyin da ba a gani, alhali gashi zai iya bin wannan hanya. Iya sana'ar yana nan: a yalwata yanka inda yalwatawa ke da amfani, a tsaya inda ci gaba zai nakasa mutum ba tare da ya ƙara masa kwana ba.

Wuya fa? Dajin baki da aka fi sani, irin na fatar harshe da dasashi, yana saurin sauka cikin kaluluwar wuya. Silindirom ɗin ganɗa bai cika yin haka ba. Don haka in hannu da hoto ba su ga kaluluwa ba, sau da yawa ba a taɓa wuyan. In an gani, sai a kwashe na wannan ɓangaren a zama ɗaya.

Abin da aka cire ba a zubarwa, ba a kuma ba dangi su binne. Gaba ɗayansa za a sa a ruwan formol mai hana nama ruɓewa, da alamun zare masu nuna gaba da baya, a aika wurin awo. Wannan sakamako na biyu ya fi na farko muhimmanci, ku bi shi da ƙafa har ya fito. Shi zai faɗi ko gefunan sun fita tsaf, ko ciwon ya hau jijiya, ko ya ci ƙashi, da kuma tsarin ƙwayoyinsa, domin silindirom mai cunkusassun ƙwayoyi ya fi mai huji-huji da mai kama da bututu zafi.

Yanzu ramin, wanda na san shi ne ainihin abin da ke tsorata ku. Ganɗa ita ce shamaki tsakanin baki da hanci. In aka cire wani sashe nata da ƙashi, baki da hanci sun haɗe: ruwa zai fito ta hanci, magana ta koma ta hanci. Ba a barin mutum haka. Hanya ta farko ita ce murfin roba, irin robar da ake haƙoran sawa da ita, mai ƴan ƙugiyoyin ƙarfe da ke kama sauran haƙora. Ana sa na farko tun tana kan gadon aiki, ta farka da shi a bakinta. Bayan mako 1 ko 2 a gyara shi ko a canza, domin wurin yana tsukewa yana sauya siffa. Bayan wata 3 zuwa 6, in komai ya lafa, a yi na dindindin mai ɗauke da haƙoran da ta rasa. Mai murfin da ya zauna daidai yana cin tuwo, yana shan fura, yana hira a taron biki ba wanda ya sani.

Hanya ta biyu ita ce a rufe da naman jikinta. Ƙaramin rami akan jawo kitsen cikin kunci a toshe shi. Babba akan juyo da naman gefen kai, wanda muke tauna da shi, ko a ɗauko fatar hannu tare da jijiyoyin jininta a ɗinke su da na wuya ƙarƙashin madubi, dabarar da likitocin ƙasar Sin suka fito da ita wajen 1981. Wannan yana son kayan aiki da ƙwararru da awoyi masu yawa. A ra'ayina, ga mace irin Inna da sauran haƙoranta, mai irin wannan ciwo, murfin roba ba koma-baya ba ne ko kaɗan. Aikin ya fi gajarta, ta fi saurin tashi ta kama hanyar gashi, kuma duk ranar da ta zo dubawa sai a zare murfin a ga wurin ƙuru-ƙuru. In wani abu ya fara tsirowa, da wuri za a gan shi. Inda murfi ke ba da wahala shi ne in mutum ba shi da haƙoran da zai kama, ko in yankan ya ci ganɗa mai laushi sosai, domin ita motsi take yi lokacin haɗiya da magana. Ku tambayi likita tun yanzu wace hanya ya zaɓa, wa kuma zai ƙera murfin. Kada a shiga ɗakin aiki ba a amsa wannan ba.

Kwanakin farko akwai wahala, ba zan ɓoye maka ba. Fuska za ta kumbura, za a iya sa mata siririn tiyo ta hanci zuwa ciki na ƴan kwanaki, ta nan za a riƙa ba ta abinci. Kada ku bar ta da koko tsararo. Rauni da abinci mai gina jiki yake warkewa: madara, ƙwai, romon nama ko kifi da aka tace, kunun gyaɗa, wake da aka niƙa ya yi ruwa. In ta fara ci ta baki, a fara da mai laushi, ba zafi ba yaji, ta zauna a miƙe, ta riƙa ƙananan loma. Bayan kowane abinci a cire murfin a wanke, ta kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Wajen alwala, ta kurkure baki a hankali da murfin a ciki. Ganɗa da wani sashe na kunci ko leɓe za su iya zama a mace, wani ya dawo wani ba ya dawowa. Sai abu ɗaya da ke hannunku ku masu jinya: buɗe baki. Tabon bayan muƙamuƙi yana ɗaurewa, gashi kuma ya ƙara ɗaure shi, har mutum ya kasa sa cokali. Da zarar likita ya ba da izini, ta riƙa motsa bakin sau da yawa kowace rana, ana jera ƴan katakan duba harshe tsakanin haƙora ana ƙara ɗaya-ɗaya. Abin da ake nema shi ne yatsunta uku a jere su shiga tsakanin haƙoran gaba. Wanda ya yi sakaci da wannan wata 2, gyaransa yana da wuya ƙwarai.

Gashin da aka ce a je Yamai ba alama ce ta cewa aikin zai gaza ba. A silindirom kusan kullum ana haɗa su, saboda halin nan na bin jijiya: wuƙa ta ɗauke abin da ake gani da kewayensa, haske ya bi gurbin da hanyar jijiyar zuwa gindin ƙoƙon kai. Ba wuta ake sa wa mutum ba, kuma ba a jin komai lokacin da na'urar ke aiki. Ana yi kwana 5 a mako, mintoci kaɗan kowace rana, na tsawon mako 6 zuwa 7. Abin da ake so shi ne a fara cikin mako 6 bayan aiki, kuma in an fara kada a yanke. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara wannan aiki a 2021. Kafin nan sai an fita waje. Wasu mutanenmu kan nufi asibitocin koyarwa na Sakkwato ko Zariya. Ko ina kuka zaɓa, ku nemi layi tun kafin a yi aikin. Tsakanin Maraɗi da Yamai ya haura kilomita 600, ba tafiyar je-ka-dawo ba ce. Ku lissafa masauki da abinci da mai zama da ita na kusan wata 2. Iyalai da yawa suna zuba duk abin da suka tara a kan aiki, in lokacin gashi ya zo hannu ya ƙare. Gara a zauna da dangi yanzu a raba nauyin gida biyu.

Gashi yana da nasa illolin. Daga mako na 2 ko na 3 baki zai yi gyambo-gyambo, haɗiya ta yi zafi, ɗanɗano ya gushe. Waɗannan suna wucewa bayan an gama. Bushewar baki kan daɗe, wani lokaci ta zauna, domin hasken yana taɓa manyan maɓuɓɓugan. Baki marar miyau kuwa haƙoransa saurin ruɓewa suke, don haka goge haƙori da man da ke da fuloraid ya zama wajibi. Kuma har abada kada wani ya cire mata haƙori a ɓangaren da aka gasa ba tare da ya san an yi gashi ba, saboda ƙashin wurin ba ya warkewa kamar da. Shimiyo, wato ƙarin ruwan maganin daji, ba ya warkar da wannan ciwo kuma ba ya maye gurbin aiki. Akan ajiye shi don wanda ciwonsa ya bazu yana damunsa. Addu'a da rubutu ba su hana aiki ba, aiki bai hana su ba. Abin da nake tsoro shi ne watannin da ake ɓatawa ana jiran jiƙo ya narkar da ƙullin.

Za su tambaye ka me ya jawo. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ku ci kwano ɗaya da ita. Ba cire haƙorin nan ne ya kawo shi ba. Ba irin ciwon da ake gado ba ne a bisa al'ada, kuma ba kamar sauran dajin baki ba, wannan ba a danganta shi da taba sosai. Duk da haka in tana sa taba a baki ta bari, don raunin ya warke. Ina kuma ba ka shawara kada a ɓoye mata. Ita za ta farka da murfi a baki, ita za ta yi motsa muƙamuƙi, ita za ta kwanta ƙarƙashin na'ura mako 6. Dattijuwar da aka yi wa bayani cikin ladabi ta amince da bakinta ta fi wadda aka lallaɓa aka kai jurewa nesa ba kusa ba.

Game da lokaci, jinkirin mako 2 ko 3 don a kammala hotuna da murfi ba komai. A ce sai bayan kaka in an sayar da amfanin gona, wannan ne ba na so.

Abin da za ku sa rai: mafi yawan masu silindirom da aka yi wa cikakken aiki da gashi suna wuce shekara 5, da yawa suna wuce 10 da 15 suna harkokinsu. Sai dai wannan ciwo ba a sallamar mai shi bayan shekara 5 kamar yadda ake yi a wasu, domin yana iya dawowa a wurin ko ya ɓulla a huhu bayan shekara 10, har 20. Ko da ya ɓulla a huhun, sau da yawa a hankali yake tafiya, mutum ya yi shekaru da shi, wani lokaci ma a cire in guda ne ko biyu. Don haka za ta riƙa zuwa dubawa duk wata 3 ko 4 a shekaru 2 na farko, sannan duk wata 6, daga baya sau ɗaya a shekara har iyakar rayuwa, tare da hoton ƙirji lokaci-lokaci. Sabon ƙulli, ko jini daga wurin, ko sabon zogi ko mutuwar fuska, ko toshewar hanci ɓangare ɗaya, ko gani biyu-biyu, ko murfi ya daina zama bayan da yana zama, ko tari da ya ƙi tafiya, kowanne daga ciki ba a jiran ranar da aka rubuta. Ka sami jaka guda ka tara sakamakon awo na farko da na biyu, da bayanin aikin da likita ya rubuta, da hotuna, da takardar da ke nuna adadin hasken da aka ba ta da wurin da aka haska, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Likitan da zai duba ta nan da shekara 12 wataƙila ba wanda ya yi aikin ba ne, kuma da waɗannan takardu zai san ta inda zai fara.